Faifai Ɗaya, Ɗakuna Da Yawa: Raba Hoton Talabijin A Manyan Gidajen Shagari

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi Jega, in ya wuce Bodinga ya iso Shagari, mahaifar marigayi Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, ba zai rasa hango faya-fayan tauraron ɗan'adam a kan katangu da rufin gidaje ba. Lokacin da aka buɗe gidan talabijin na Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, wanda duk ya mallaki akwati ɗaya sai ya fitar da shi tsakar gida, maƙwabta su yi dandazo. Yau kuwa maigida yana son labarai a turakarsa, uwargida da amarya suna son wasan kwaikwayon Arewa24, samari kuma ƙwallon ƙafa suke nema a zaure.

A gidan da ake da mata biyu ko uku, wannan al'amari ya wuce shaƙatawa, ya shiga batun adalci. In hoton ɗakin ɗaya ya fito garau, na ɗayar kuma yana yayyankewa, to, maigida ya sayo wa kansa fitina da kuɗinsa. Saboda haka kafin a kira mai haɗa waya, ya kamata a fara warware tambaya guda: shin dukan ɗakunan tasha ɗaya za su riƙa kallo a lokaci guda, ko kowane ɗaki zai zaɓi tasa? Amsar ita ce za ta nuna kayan da za a saya.

Idan an yarda da kallon tasha ɗaya, dikoda guda ta isa. A dā akan jawo wayar eriya daga bayan dikoda zuwa sauran ɗakuna, amma wannan tsohuwar hanya ba ta ɗaukar hoton zamani. Tsohon hoto layi 576 ne, na zamani kuwa da ake kira HD yakan kai layi 1080, kuma wayar HDMI ce ke ɗauke da shi tare da sautinsa. Akwai ƙaramar na'ura mai raba HDMI gida biyu ko huɗu. Sai dai irin wannan waya ba ta son nisa: da ta zarce kamar mita goma zuwa sha biyar sai hoto ya soma ɗaukewa. A gida mai faɗi, inda sashe ke nesa da sashe, akan sa wasu na'urori biyu, ɗaya a bakin dikoda ɗaya a bakin akwatin, a haɗa su da wayar kwamfuta ta Cat6. Masu bin tsarin HDBaseT, wanda ya fito a 2010, sukan kai hoto har mita ɗari. Aibin wannan hanya shi ne wanda ke riƙe da rimot shi ne sarki.

Idan kuwa kowane ɗaki yana son 'yancinsa, tilas ne ya sami dikodarsa, amma ba dole a sayi faifai na biyu ba. A gaban kowane faifai akwai kan da ke tattara saƙon tauraron, wanda ake kira LNB. Akwai mai baki ɗaya, da mai biyu, da mai huɗu. Daidai shi ne a sayi mai bakin da ya kai yawan ɗakunan, a jawo wa kowane ɗaki wayarsa kai tsaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaga waya ɗaya gida biyu don tsimi. Dalili kuwa, kowace dikoda tana aika wa LNB wutar bolt 13 ko 18 don ta zaɓi rukunin tashoshin da take so. In biyu suka haɗu a baki ɗaya, ɗayarsu za ta rasa wasu tashoshi. Masu biyan kuɗin wata na DStv suna da tsarin XtraView, wanda ke haɗa dikoda har uku a kan biya ɗaya tare da ɗan ƙari.

Masu amfani da eriyar kan sanda su ma akwai abin lura. Duk na'urar da ta raba waya gida biyu takan rage fiye da rabin ƙarfin saƙon a kowane ɓangare. A tsohon tsari hoto yakan yi dishi-dishi ne kawai, a daure a kalla. A tsarin dijital, wanda Nijeriya ta ƙaddamar a Jos cikin 2016, ya kuma isa Kano cikin 2021, hoto ko dai ya fito sarai ko ya tsaya cik. Don haka ɗakin da ya fi nisa shi ya fi bukatar kyakkyawar waya, wani lokaci har da na'urar ƙara ƙarfi.

Sai kuma batun wuta da yanayi. Kowane akwati da dikoda ƙarin nauyi ne a kan batirin sola ko janareta, ya kamata a lissafa tun da fari. Zafin bazara yakan busar da robar wayar da aka bari a rana, ruwan damina ya shiga ta mahaɗa, tsawa kuma ta iya bin waya ta ƙone kayan ɗakuna duka. Maganin shi ne a zura wayoyi cikin bututun roba, a naɗe mahaɗai, a kuma haɗa faifan da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa.

Maigida mai hangen nesa shi ne wanda zai zauna da iyalinsa a yi shawara, sa'an nan ya tsaya a gwada hoton kowane ɗaki a gabansa kafin ya sallami mai aiki. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu.