Aljana a Tashar Kankiya: So, Sihiri da Dariya a Labaranmu

Wanda ya tsaya a tashar motar Kankiya, bakin titin da ya haɗa Kano da Katsina, zai ga cewa karatun ƙagaggun labarai riga kawai ya sauya. Ga budurwa a kujerar baya ta duƙufa kan waya, babban yatsanta na ture shafi bayan shafi. Can a bencin mai shayi ga saurayi ya toshe kunne, ana karanta masa littafi ta YouTube, shayinsa na hucewa bai sani ba. In ka leƙa, galibi labarin so ne, kuma da wuya a rasa boka ko aljani a ciki. A ganina wannan ɗanɗano ba abin kunya ba ne. Sinadari ɗaya dai ya rasa, wanda magabata suka san darajarsa, wato ban dariya.

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta bar mana misalai biyu da suka ishi mai nazari. A Jiki Magayi, na John Tafida da East, mai kuɗi ya raba Abubakar da Zainabu, Abubakar kuma ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da ta haifa. Asirin ya ci, yaron ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa. Babu inda mai karatu zai murmusa, kuma yana rufe littafin da jin cewa sammu abin tsoro ne ƙwarai. A Ruwan Bagaja kuwa, na Abubakar Imam, akwai aljanu, akwai ruwan da ke warkar da ɗan sarki, amma rabin daɗin littafin yana cikin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ke yi wa juna da jama'a wayo, har da shigar burtu ta malanta. Yaron da ya ƙyalƙyale da dariya a kan malamin ƙarya ya koyi abin da wa'azi kan daɗe bai dasa ba: ba duk mai rawani da allo ne ya san gaibu ba.

Nan ne amsar masu cewa irin waɗannan littattafai na raunana aƙida. Damuwarsu tana da tushe, kuma ita da ƙorafin ɓata tarbiyya suka kai ga ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007, zamanin shirin A Daidaita Sahu. Na yarda akwai labaran da ke cutarwa: waɗanda a cikinsu kishiya za ta je wurin boka, ta binne laya a bakin ƙofa, miji ya koma kamar raƙumi da akala, babi talatin asiri na aiki ba kuskure, sai a shafin ƙarshe a yi gaggawar karya shi da addu'a. Matar da ta karanta goma irin wannan tana iya fara zargin abokiyar zamanta duk ranar da maigida ya ɗaure fuska. Amma a lura, waɗannan su ne labaran da babu raha a cikinsu. Bokan da ake tsoro shi ke samun kasuwa. Wanda aka mayar abin dariya, aka nuna shi yana ɓoye kazar da aka kawo wa aljanu don ya soya, ya rasa ciniki. Maganin ba a kori sihiri daga littafi ba ne, a tuɓe masa kwarjini.

Wasu kuma na cewa irin wannan labari baƙon abu ne, daga fina-finan Indiya ko Turai. Mutanen wannan yanki su ne ya fi kamata su yi shakkar wannan zance, domin sunan Ingawa, wadda ke mazaɓar tarayya ɗaya da Kankiya da Kusada, yana jikin marubucin Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin ne daga tsoffin labaran Rasha a 1951, ya sa shi yana magana da Hausa har ɗalibai da dama ba su taɓa zaton baƙo ne ba. Magana Jari Ce ma ta yi aro daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai. Tun kafin su kuwa, Gizo da Ƙoƙi da Dodo sun haɗa aure da abin al'ajabi da dariya a tsakar gida.

Inda nake da ƙorafi shi ne wurin da ake ajiye labarin. Marubutan jarumta sun kai sihiri birane masu nisa na takubba da sarakuna, marubutan soyayya kuma sun kai so gidajen bene na Abuja, aka bar garuruwanmu fayau. A Ingila, Ben Aaronovitch ya fitar da Rivers of London a 2011, labarin ɗan sanda mai koyon sihiri a titunan Landan na zahiri, kuma raharsa daga karon abin mamaki da aikin yau da kullum take fitowa. Kayan aikinmu sun fi nasa yawa. A ɗauka aljana ce ta kamu da son ɗan acaɓa a Kusada. Tana iya cika ɗaki da zinariya kafin ƙiftawar ido, amma gwaggonsa za ta nemi sanin asalinta, a tura dattawa bincike su tarar gidan nasu kuka ce a bayan gari, ranar ɗaurin aure kuma liman ya ɗaga kai ya tambayi wanda zai karɓi sadaki.