Yadda Tsuntsayen Teku Suka Koma Gida

Tsuntsayen teku da yawa a ƙasa suke yin ƙwai, saboda haka sukan nemi tsibirin da babu dabbar da za ta cinye su. Haka tsibirin Ascension yake a dā, can tsakiyar Tekun Atlantika. Da sojojin Ingila suka zauna wurin a 1815, sai aka kawo kyanwoyi domin su kashe ɓeraye. Ashe an ba kura ajiyar nama! Kyanwoyin suka faɗa wa tsuntsaye, har yawancin iri-irinsu suka gudu zuwa wani ƙaramin tsibiri kusa. An soma kawar da kyanwoyin daji a 2002, aka tabbatar sun ƙare a 2006, tsuntsayen kuwa suka komo suna ƙyanƙyasa. Kun gani, ɓarna ba wuya, gyara sai da jimiri.