Agogon Juyin Inji: Yadda Ake Sauya na Kebul Zuwa na Lantarki a Tsohuwar Mota

Gabatarwa

Duk wanda ya saba da garejin kanikawa, a Fadikpe ne ko a wata unguwa cikin Minna, ya san cewa kowane abu mai allura da ke gaban direba sunansa agogo ko mita. Sai dai ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai mai nuna gudun mota a kan titi, akwai kuma mai nuna sau nawa inji yake juyawa a minti ɗaya, wanda ake kira takomita. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda na biyun yake aiki, da yadda ake sauya shi daga na kebul zuwa na lantarki.

Yadda Na Kebul Yake Aiki

A tsohon tsari, wani siririn kebul na ƙarfe ne yake ɗauko juyi daga inji ya kai shi bayan agogo. Can ciki kebul ɗin yana juya maganaɗisu, shi kuma maganaɗisun yana jan wani ɗan kofin alminiyam da aka liƙa wa allura, ba tare da sun taɓa juna ba. Wani siririn sifirin kuma yana riƙe da allurar. Gwargwadon saurin juyi, gwargwadon tashin allura. Tun 1902 Otto Schulze ya yi rajistar wannan dabara domin auna gudun mota. Ita ce a agogon gudun Peugeot 504, wato Fijo, wadda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana harhaɗawa. Takomita mai kebul kuwa ana samun sa a tsofaffin motocin Ingila irin su MG da Triumph, da kuma taraktocin Massey Ferguson na dā.

Dalilin Sauyawa

Kebul yana bushewa ya yi ƙara, allura ta riƙa rawa, daga baya ya tsinke, ga shi samun irinsa a kasuwa yana da wuya. Haka nan a wasu motocin, daga bayan dainamo ko jikin distiributa kebul yake fitowa. Idan aka cire dainamo aka sa altaneta, ko aka sa distiributa na zamani, to kebul ya rasa wurin ɗaurawa.

Yadda Na Lantarki Yake Aiki

Shi wannan ba ya ɗauko juyi, ƙirga tartsatsin wuta yake yi daga koyil. A injin fetur irin na mota, kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya ne a juyi biyu. Saboda haka inji mai silinda 4 yana ba da tartsatsi 2 a kowane juyi, mai 6 yana ba da 3, mai 8 kuma 4. Ke nan idan mai silinda 4 yana juyi 3,000 a minti, agogo zai ƙirga tartsatsi 6,000, wato 100 a daƙiƙa.

Matakan Aikin

Wannan aiki ne na mai wayarin mota, wanda ake kira rewaya. Da farko zai cire kan batir. Sannan ya kwance agogo, ya fitar da maganaɗisu da kofi, ya dasa sabon ciki na lantarki, ya mayar da tsohuwar fuska da allura, domin da tsohuwar zuma ake magani. Daga nan sai ya haɗa waya uku: ɗaya ga wutar makulli, ɗaya ga jikin mota, ɗaya ga ɓangaren koyil da ke zuwa distiributa. Sai ya toshe ramin kebul don kada mai ya tsiyaye ko ƙura ta shiga. Wajibi ne ya duba wane kan batir ne ke haɗe da jikin mota, domin a motocin Ingila da yawa na kafin tsakiyar shekarun 1960 kan "+" ne, kuma juya su yana iya ƙona sabon cikin. Injin dizil ba shi da koyil, don haka daga altaneta ake ɗauko ƙirgen, a bakin da ke da alamar W.

Mataki mafi muhimmanci shi ne saiti. Idan aka saita agogo a kan silinda 6 alhali injin mai 4 ne, zai nuna 2,000 lokacin da inji ke juyi 3,000. Direba zai ɗauka da sauran hali, ya ci gaba da taka totur, inji yana wahala bai sani ba. Don haka ake gwada shi da wata na'urar awo ta hannu kafin a rufe.

Kammalawa

Ɗalibin harshe zai lura da hanyoyi biyu da Hausa ta bi wajen karɓar wannan fasaha. Akwai aro, kamar koyil, totur da altaneta, akwai kuma faɗaɗa ma'ana, kamar agogo, allura da fuska. Yana da kyau 'yan uwa ɗalibai su shiga gareji su tattara irin waɗannan kalmomi daga bakin masu sana'ar, tun kafin na tsohon tsari su ɓace tare da kebul ɗin kansa.