Dattijo da Kekensa a Ƙasar Rurum

Duk wanda ya san ƙasar Rano da Kibiya ya san cewa keke ba baƙo ba ne a cikinta, domin tun zamanin da gyaɗa ke da daraja, lokacin da manomi kan sayar da amfaninsa da kaka ya nufi Kano ya sayo Rale baƙi wuluk mai ƙararrawa da fitila, keke ya zama abin hawan malami da ɗan kasuwa da ango, har da wuya a shiga zaure a Rurum, ko Tsohon Gari ko Sabon Gari, ba a tarar da ɗaya jingine da bango ba. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo, sannan babur ya ture su duka, sai da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 mutane suka koma suna kakkaɓe ƙurar kekunan da suka jingine. Samarin da suka fara tuƙi lokacin da ake gina madatsar ruwan Tiga, tsakanin 1971 da 1974, su ne dattawan yau, kuma da yawansu sun daina ɗora buhu a kariya. Abin da ya rage musu shi ne hawa don zumunci da ta'aziyya da zagayen gona, da kuma nishaɗin da ba kasafai dattijo kan yarda ya ambata ba.

To, jiki amana ne, kuma amanar da ke canzawa. Likitoci sun tabbatar da cewa iyakar bugun da zuciya ke iya kaiwa yana raguwa da kimanin bugu ɗaya a minti kowace shekara, naman jiki kuma yana zaizayewa sannu a hankali tun daga shekara 30, ya ƙara sauri bayan 60. Wannan shi ne dalilin da ya sa hawan da mutum ke haurawa dā yana hira da abokin tafiya, a cikin duwatsun nan na ƙasar Rano, yau sai ya tsaya a tsakiyarsa yana haki. Akwai kuma wani canji da ya fi ɓoyuwa, watau tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, alhali kuwa gumi bai daina fita ba, saboda haka a bazara, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, yana iya bushewa bai sani ba sai jiri ya ɗebe shi.

Amma fa kuskure ne babba a ɗauki wannan hujjar ajiye keke. A shekarar 2018 masu bincike na Jami'ar Birmingham da King's College ta Landan suka bayyana sakamakon nazarin da suka yi a kan mahaya keke 125 masu shekara 55 zuwa 79, suka tarar naman jikinsu bai lalace yadda na tsararsu ya lalace ba, garkuwar jikinsu kuma ta yi kusa da ta matasa. Wani Bafaranshe ma, Robert Marchand, ya yi tafiyar fiye da kilomita 22 cikin sa'a guda a 2017 yana da shekara 105. Ban kawo shi don a yi koyi da shi ba, wannan baiwa ce da Allah ke ba wanda ya so. Na kawo shi ne don a gane cewa yawancin raunin da muke jingina wa tsufa, zama ne ya haife shi.

A nan ne nake da magana da 'ya'ya. Al'adarmu ta ɗauki keke a hannun dattijo alamar rashi, har ɗa mai hali kan ji kunya a ce an ga mahaifinsa yana taka feda a hanyar Rano, sai ya zo da ladabi ya ce, "Baba, girma ya kama ka, a bar wa yara keken nan, duk inda za ka a kai ka a babur." Niyyar kyakkyawa ce, Allah ya saka da alheri, amma sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne tabarma a ƙofar gida daga hantsi zuwa magariba, gwiwa ta sandare, suga ya hau, kuma mutumin da ke zuwa Tarai ko Kibiya ranar da ya ga dama ya koma jiran sai an sami sukunin kai shi. Wannan rashin 'yanci ya fi ciwon gwiwa cin rai, ko da yake dattijo ba zai faɗa ba.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun koya mana hanyar da ta dace tun muna karatun Ahalari, inda aka nuna cewa wanda ya gaza tsayuwa a salla ya jingina, wanda ya gaza ya zauna, wanda ya gaza ya kishingiɗa, ba a ce ya bari ba. Ita rukhsa sauƙi ce da ke kiyaye asalin aiki. Haka ya kamata mahayi ya yi wa kansa. Idan ya iso hawa ya sauko ya tura, babu aibi. Ya fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a kariya, ya kuma auna tafiyarsa da numfashi: muddin yana iya amsa sallama da gaisuwa ba tare da yankewa ba, bai wuce kima ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wanda rabin sa'a a kwana biyar ya wadatar. Shi kansa keken yana bukatar gyara gwargwadon mai shi: sirdin da ya yi ƙasa ainun yana cin gwiwa, sai mai gyara ya ɗaga shi har ƙafa ta kusa miƙewa idan feda ta sauka, wanda kuma ɗaga ƙafa ya haye sandar tsakiya ya zame masa wahala, ya nemi keke marar sanda, kada ya damu da masu cewa na mata ne, domin karayar ƙugu da za ta kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ta fi wannan zolaya nauyi.

Rashin lafiya kuwa kowanne da hukuncinsa. Mai hawan jini yana amfana da keke matuƙar yana shan maganinsa yana kuma zuwa awo, sai dai ya kiyayi miƙewa farat ɗaya, don wasu magungunan kan jawo jiri. Mai ciwon suga da ke allura ko shan ƙwaya kada ya fita da yunwa, ya riƙa ɗaukar dabino ko alewa a aljihu, da ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi ya sauka ya ci; a watan Ramadan kuma ya nemi shawarar likita kafin ya haɗa azumi da tafiya. Wanda yanar ido ta kama ya daina hawa da almuru da lokacin hazon hunturu, musamman a kan kwalta inda manyan motoci ke wucewa, ya sani kuma aikin cire yana gajere ne, mutane da dama sun koma kan keke bayansa.

Alamomi uku ne ba su karɓar rangwame: nauyi ko zafi a ƙirji da kan sauka zuwa hannun hagu, suma, da mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki ko da na ɗan lokaci ne. Wanda ya ga ɗayansu ya sauka nan take, a kai shi Babban Asibitin Rano ba tare da ɓata lokaci ba, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ana cewa iska ce ko shawara, kuma kada ya sake hawa sai likita ya yi masa izini ya faɗa masa nisan da zai fara da shi.