Kafin A Zargi Kamfani, A Duba Wayoyin Cikin Gida

'Yan'uwa manoma, duk mai noman rani ya sani in ruwa bai kai fangali ba, ba lalle rijiya ce ta ƙafe ba. Sau da yawa lambatu ne ya fashe a hanya. Haka sha'anin intanet yake.

A Ingila gidaje da yawa sun daɗe suna samun intanet ta layin tarho na jan ƙarfe, dabarar da ake kira ADSL. Layi guda ke ɗaukar kaya biyu: muryar mutum a ƙasa da kilohaz 4, saƙon intanet kuwa daga wajen kilohaz 25 zuwa sama. Don kada su cuɗe, kowane soket mai tarho sai an sa masa ɗan mataci. In an manta guda, ko ya lalace, sai a ji shuu a tarho, intanet kuma ya riƙa yankewa.

Babban ɓarawon kuwa wayar ƙararrawa ce. Waya biyu layi ke bukata, masu lamba 2 da 5. Amma ma'aikatan dā sukan ja ta uku, mai lamba 3, domin tarho ya yi ƙara a kowane ɗaki. Yanzu mataci na yin wannan aiki, sai ta zama eriya kawai, tana kwaso hayaniyar rediyo da ta kayan lantarki. Cire ta kaɗai yakan ƙara sauri, ba a kashe ko sisi ba. Gwajinsu mai sauƙi ne: a haɗa na'urar intanet a soket na farko, inda layi ya shigo gida. In saurin ya ƙaru, laifin na cikin gida ne.

To, mu nan layukan NITEL sun daɗe da mutuwa, ofisoshin ƙungiyoyinmu kuwa na'ura mai katin SIM suke amfani da ita. Amma gwajin bai sake ba. Sakatare ya fito da na'urar waje, nesa da rufin kwano da katanga mai kauri. In ta yi sauri a can, a nema mata mazauni kusa da taga. Masu eriya a bisa rufi su duba mahaɗin wayar bayan damina, gama tsatsa da laima na cin sigina. Wayar kuma kada ta cika tsawo. Kowane ƙarin taku asara ne.

A gani na, kwamiti kada ya yarda a taɓa kuɗin membobi don sayen sabuwar na'ura sai sakatare ya kawo sakamakon wannan gwaji a taro.