Idan Ɗaliban Aikin Gona Suka Sauka a Ƙauyenmu

Akwai waɗansu baƙi da sukan sauka a ƙauyukanmu ba tare da taki ko kuɗin rance ba. Su ne ɗaliban aikin gona da makarantarsu takan aiko su yi aiki tare da manoma kyauta, a kuma ba su maki a kansa kamar jarrabawa.

Tsarin ya daɗe. A 1993 ƙungiyar Sasakawa ta ƙasar Japan ta soma irinsa a Jami'ar Cape Coast ta Ghana, daga baya ya iso Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Malamin gona da ya koma karatu yakan fita ƙauye watanni da dama, ya zauna da manoma su zaɓi matsala guda, su yi fama da ita tare. Malamansa kuwa sukan bi shi har gona su duba.

To, abin da muka lura shi ne, sau da yawa aikin yakan mutu ran da ɗalibi ya ɗaure kayansa. Dalili kuwa, jama'a sun tsaya kallo ne, ba su sa hannu ba.

A ɗauki ajiyar wake. Ɗalibi zai nuna buhun PICS, watau mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwari sai su mutu don rashin iska, ba a sa magani ba. Amma in ba wanda ya ɗaura da hannunsa, baɗi sai a sake sayar da wake da kaka a wulaƙance, don tsoron ƙwari.

Saboda haka, 'yan'uwa, in sun zo, dattawan ikilisiya su kai su gaban maigari tukuna, gama aikin na gari duka ne, Kirista da Musulmi. Zumuntar mata ta ba da mutum biyu, matasa ma biyu, su bi su kullum har su iya. Mu kuma faɗa musu abin da muka sani game da ƙasarmu, don su ma koyo suka zo yi.

Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.