Rihlar Neman Ilimi: Abin da Ake Sadaukarwa da Abin da Ba a Taɓawa

Gabatarwa

Malaman hadisi suna kiran tafiyar neman ilimi rihla, har Alhaɗib Albagdadi (ya rasu 463 B.H.) ya keɓe mata littafi mai zaman kansa. Labaran wannan babi cike suke da yunwa da tafiyar ƙafa da rabuwa da gida. Abin da ya kamata ɗalibi ya tantance a cikinsu shi ne irin abin da waɗannan bayin Allah suka sadaukar, da kuma inda suka tsaya.

Abin da magabata suka sadaukar

Imam Bukhari ya ambata a Kitabul Ilmi cewa Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya. Imam Ahmad (ya rasu 241 B.H.) ya nufi San'a ta ƙasar Yaman domin sauraron hadisi daga Abdurrazzaƙ. Da guzurinsa ya ƙare, sai ya yi wa masu raƙuma ƙodago, ya ƙi karɓar tallafin abokan tafiyarsa. Abu Hatim Arrazi (ya rasu 277 B.H.) ya ƙirga tafiyar da ya yi a ƙafa har ta haura farsakhi 1,000, sannan ya daina ƙirgawa. Imam Nawawi (ya rasu 676 B.H.) kuwa darasi 12 yake ɗauka kullum a Dimashƙa.

Idan aka lura, abin da kowannensu ya bari mallakinsa ne: hutunsa, barcinsa, daɗin abincinsa. Waɗannan halattattun abubuwa ne da Shari'a ta bar wa mutum zaɓi a kansu, don haka yana da ikon haƙura da su na ɗan lokaci domin wata maslaha mai ɗorewa.

Inda iyaka take

Hukunci yana sauyawa da zarar sadaukarwar ta taɓa haƙƙin wani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umar, har Agadas. Da malamin ya ɗaura niyyar wucewa Makka, sai Shehu ya komo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. Ya haƙura da rakiyar malaminsa da ziyarar ɗakin Allah, ya tsare haƙƙin uba.

Asalin wannan yana cikin ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i da Bukhari ya ruwaito. Salmanu ya tarar ɗan'uwansa ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina ado, sai ya tunatar da shi cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu.

A wajen malaman fiƙihu, zurfafa karatu bayan sanin abin da ibada ke inganta da shi farillar kifaya ce, alhali ciyar da mata da 'ya'ya wajibi ne a kan mai gida shi kansa. Tafiya karatu ba ta sauke masa wannan nauyi.

Kammalawa

Ɗalibin da zai tafi Madina ko Alƙahira, da malamin da ya shiga ɗawainiyar digiri na uku, suna da damar rage barci da sutura da yawan ziyara. Amma wanda ya bar matarsa shekaru ba ci ba sha, ko ya ci bashin da ba shi da hanyar biya, haƙƙin wasu ya kashe a kan burinsa. Kafin a ɗaure kaya sai a tanadi abincin gida, a nemi yardar iyaye, a yi shawara da iyali, a kuma yanka wa tafiyar wa'adi sananne. Allah ne Mafi sani.